Ƙofar da Aka Toshe a Bayan Asibiti

Tallow Creek, Alabama
Juma'a, 22 ga Yuli, 1966

Vernice 'yata, ki saurare ni yanzu-yanzun nan. Ko tukunya ce a kan wuta ki sauke ta, ko wanki ne ki goge hannu ki zauna, kar ki ce sai mijinki ya dawo daga aiki ku karanta tare. Sista Arzula ta cocinmu ce ke rubuta mini, kin san hannunta. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kar ta yi mini ado, don ƙarfe uku ake kwashe wasiƙu, kuma in ban faɗi maganar nan yau ba, ban san ko gobe zan sami ƙarfin faɗa ba.

Arzula ta ce ban yi gaisuwa ba. Gaskiyarta. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, ke da maigidanki Hosea da yara duka. Allah ya ba ku lafiya, ya tsare ku a wannan babban garin na Detroit, ya tsare Hosea daga injinan nan na ƙera motoci. Tarin Loretta ya tafi kuwa? Ki riƙa ba ta zuma da ruwan ɗumi kamar yadda nake ba ki. Nan gida saniya ta haifi maraƙi, ɓauren bakin rijiya ya yi 'ya'ya har reshe na taɓa ƙasa, ni kuma ina tsaye da ƙafafuna. Babanku yana da rai, ki fara riƙe wannan. Yana asibitin gunduma tun ranar Litinin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce in ya kwanta inda yake sati biyu ana ba shi magani ana auna jininsa, zai tashi, in kuwa aka ɗauke shi aka kai gida, shanyewa ta biyu za ta zo ta tafi da shi. To an sa ni in zaɓa tsakanin gadon da yake kwance a kai da gidan da na haife ku a ciki. Bari in bi miki daga farko, kar ki ce uwarki ta zauce.

Ranar Litinin da safe yana tsinkar kuɓewa a bayan gida kafin rana ta yi zafi, na ji bokiti ya faɗi. Na fita na same shi kwance tsakanin kunyoyi, bakinsa ya karkace. Na yi ta ihu har Dattijo Purnell ya jiyo daga gonarsa, ya kawo tsohuwar a-kori-kurarsa, muka shimfiɗa bargo a baya, na zauna na ɗora kan Babanku a cinyata. Da muka iso asibiti Purnell bai tambaye ni ba, ni ma ban ce masa komai ba, ya zagaya baya. Kin san wurin, kusa da bola, matakala uku zuwa ƙasa, ɗakin nan na kusa da tukunyar ruwan zafi inda ake kwantar da mutanenmu. Can uwata ta cika. Can aka ɗinke ƙafar yayanki Cleon lokacin da gatari ya sare shi. Fasto ya faɗa a coci, da kunnena na ji, wai daga ɗaya ga watan nan gwamnati ta ce asibitin da ya raba baƙi da fari ba zai ga taimakon jinyar tsofaffi ba. Amma Vernice, mun sha jin an ce. Shekara nawa ana cewa an haɗe makarantu? Kunnena ya ji, ƙafata ba ta ji ba.

Ƙofar a rufe take. Ban iya karatu ba, amma na san allon da ke nuna ƙofar baƙaƙe, kalmarmu ta fi ta Turawa tsawo. Na ɗaga kai babu allon, sai ramukan ƙusa huɗu. Purnell ya ƙwanƙwasa, a hankali, yadda aka koya mana ƙwanƙwasa ƙofar Turawa. Shiru. Muka ce ko mai makulli ne ya je cin abinci. Ai mun saba jira a wurin nan, wani lokacin rabin yini, shi ya sa jiran bai ba mu tsoro ba. Purnell ya leƙa ta kusurwa ya hango babbar ƙofar gilashi, ya dawo ya ce ko mu gwada can, Babanku ya girgiza kai da sauran ƙarfin da ya rage masa, wai kar mu jawo wa kanmu. Ina riƙe da hannunsa na dama, yana matse nawa, irin matsewar da yake yi in an ɗauko waƙar da yake so a coci. Kusan awa guda muna nan. Ina zaune ina kallon ƙofar da ba ta buɗuwa, na ji yatsunsa suna sakin hannuna ɗaya bayan ɗaya. Arzula, kar ki tsaya, rubuta, kukan nawa ne ba naki ba.

Dovie ce ta gan mu, 'yar marigayi Elbert mai aski, ita ke wankin zannuwan asibiti yanzu. Ta ɓullo daga rumfar wanki da kwando a kanta, ta ce wai Inna Zella busa ƙahon ranar ƙarshe muke jira a bakin bola ko me? Da ta leƙa motar ta ga Babanku sai ta yar da kwandon a ƙasa, ta ce sati uku ke nan da aka buga wa ƙofar nan katako ta ciki, tsintsiyoyi da bokitai ne a ɗakin yanzu, kowa ta gaba yake shiga. Purnell ya ce mata shekara saba'in yana koyon hanyar baya, ba a sati uku zai manta ba. Ta ce to ya manta yau, ya kama ƙafafu. Haka muka shiga ta ƙofar gilashi, Dovie na riƙe da kafaɗu, Purnell da ƙafafu. Ya cire hularsa don ya ga Turawa zaune, ya rasa inda zai sa ta, sai ya cije ta da haƙora. Wata mata ta jawo jakarta jikinta. Babu wanda ya kore mu. Ni dai ƙasa nake kallo, ina jiran a daka mana tsawa, ba a daka ba. Daga baya na tambayi likita ko jiran nan ne ya cinye hannun. Ya ce mai yiwuwa ko da mun shigo nan take haka za ta faru. Mutumin kirki ne, amma ba a hannunsa yatsun suka saki ba.

Aka hau da shi bene, ɗaki mai gado biyu da taga. Ki ce wa ke gado na biyun? Tsoho Mista Harlan Strickland, mai ƙasar da gidanmu yake kai, wanda Babanku ya noma wa auduga shekara arba'in, wanda na wanke wa iyalinsa kaya har yatsuna suka lanƙwashe. Ciwon sukari ya sa an yanke masa ƙafa ɗaya. Yana ganinmu ya ce a ja labule, nas ɗin ta ce labulen na lokacin wanka ne. Wata Baturiya ce mai furfura, Mis Calloway, ba ta dariya da kowa, baƙi ko fari. Ta dubi katin da ke ƙafar gado ta ce Mista Tarver ya ɗaga mata hannun hagu. Babanku ya waiwaya yana neman wanda ake kira, don Bature bai taɓa ce masa Mista ba. Da ta fita ya ce mini, da karkataccen bakin nan nasa da ni kaɗai ke ganewa, wai wannan Mista Tarver ɗin ko wani ɗan'uwansa ne da ba su taɓa haɗuwa ba.

Wannan ce kaɗai dariyar da muka yi. Vernice, Babanku ya kasa kwanciya a gaban mutumin nan. Tsohon ya yi tari, Babanku ya yunƙura zai miƙe. An kawo abinci, ba zai taɓa ba sai wancan ya ajiye cokali, lokacin nasa ya sandare. Bayan gida ɗaya ne a ɗakin, ya gwammace ya riƙe fitsari har ya yi zufa. Ranar Talata tsohon ya kasa kai hannu ga kofin ruwansa, ya ce yaro miƙo mini, Babanku mai shekara saba'in da huɗu yake ce wa yaro. Babanku ya zuro ƙafa zai sauka, ya zube a ƙasa, goshinsa ya fashe. Mis Calloway ta shigo ta wanke su tas su biyun. Ta ce wa tsohon ga ƙararrawa nan a gefensa, ita ake biya ta miƙa ruwa, kuma ta duba ɗakin ba ta ga yaro ba. Ta ce wa Babanku in ya sake sauka za ta ɗaure shi da zanin gado. Ni ina tsaye a bango, na san irin maganar nan ba ita za ta biya ta ba, mu ne.

Hannun Arzula ya gaji, matar Fasto, Mis Corine, ta karɓi alƙalamin. In kin ga rubutu ya sake, shi ke nan dalili.

Ranar Laraba Royce, ɗan tsoho Strickland, ya zo. Kin san shi, shi ke riƙe da gonakin yanzu, kuma kin san da su wa yake zama a bayan kantinsa, mutanen nan da ke bin gidajen baƙaƙe da dare. Ya tare ni a baranda, murya ƙasa-ƙasa, har da tambayar ciwon gwiwata. Ya ce Anti Zella ai shi da ni ba baƙin juna ba ne, ni na goye shi. Ya ce tun da injin tsinkar auduga ya zo ba su da bukatar kowa a gidan nan namu, amma suka bar mu saboda zumunci. Ya ce ubansa ba ya barci, gari kuma ana magana. Asibiti ba za su iya raba su ba, don mutumin gwamnati yana zuwa yana leƙa ɗakuna, amma in iyali da kansu suka ce za su ɗauki mara lafiyarsu, babu mai hana su. Akwai takarda, alama ɗaya kawai za a sa. Tunda hannun Babanku ya mutu, bakinsa kuma ba ya fita, likita ba zai karɓi tasa ba, sai tawa. Ya ce zai kawo ranar Juma'a da safe, har zai ba da motarsa a kai shi gida. Bai ce in na ƙi zai kore mu ba. Cewa ya yi kawai, ɓauren nan namu ya ji an ce ya yi kyau bana, abin tausayi ne a ce wani ne zai sha.

Na faɗa wa Babanku. Ya ce Zella ki sa musu. Ya ce shi tsoho ne, gara ya mutu a ɗakinsa yana jin kukan kajinsa da a ce ya warke ya rasa inda zai sa kai. Ya ce shi bai roƙi a kwantar da shi kusa da Bature ba, masu zanga-zanga ne suka roƙa, su zo su kwanta. Kar ki ji haushinsa. Da wannan sunkuyar da kan ya rene ku har kuka girma babu wanda aka rataye. Shekara hamsin da ɗaya muna tare, bai taɓa cewa in yi abu na ƙi ba.

Jiya na je wurin Fasto na ce ya faɗa mini, wannan haɗewar da ake ta faɗa, mece ce ita? Ya kawo mini kalmomi dogaye, doka da 'yanci da daidaito, duk masu kyau. Na dawo ina tafe ina tunani. Ni abin da na gani shi ne, ƙofar da na sani an toshe ta, wadda aka buɗe kuma tana da nauyi, kuma babu wanda zai tura maka ita. An cire allo daga bango, amma wanda aka kafa mana a ƙirji yana nan da ƙusoshinsa. Shi ne ya zaunar da ni a bakin bola awa guda, babu ɗan sanda, babu kare, babu mai bulala, ni kaɗai da Purnell muna gadin kanmu. Sai na ga takardar Royce ita ma ƙofar bayan ce, ya kawo mini ita a hannu ne kawai.

Yau da safe ya zo, ya shigo har cikin ɗakin, ya shimfiɗa takardar a kan teburin cin abincin Babanku, ya sa mini alƙalami a hannu, ya nuna wurin da yatsa. Sau ɗaya na taɓa sa alamata a duniya, ranar aurenmu. Babanku na kallona. Tsohon na kallon rufi. Kar ki ɗauka na yi wata jarumta, Vernice, ban iya ko ɗaga ido na dube shi ba, takalmansa nake kallo. Na ajiye alƙalamin na ce Mista Royce, ba zan sa ba. Ya ce Anti ban ji da kyau ba ne, ya sake bayani a hankali kamar ana yi wa kurma. Na ce na ji, ranka ya daɗe, likita ya ce sati biyu, sati biyu zai yi. Ya ce bayan duk abin da suka yi mana, su da suka riƙe mu kamar dangi. A raina na ce dangin da ba su taɓa ganin ƙofar gidanku ta gaba daga ciki ba, amma bakina bai faɗa ba, ƙarya zan yi in na ce ya faɗa. Ya naɗe takardarsa ya ce ƙarshen wata yana son makullin gidan. Yana fita na zauna a kujerar da ke tsakanin gadajen biyu, kujerar da kwana huɗu ban yarda na zauna a kanta ba.

Tsohon ya juya fuskarsa bango. Ba zan ce miki zuciyarsa ta sake ba, ban gani ba. Babanku ma ya kau da kai daga gare ni, hawaye na bin gefen da ya shanye. Na ce shi ke nan, na cece shi na rasa shi. Da rana aka kawo abinci, tsakin masara da ganye da ɗan naman kaza. Aka ajiye wa kowa nasa. Tsohon bai ko ɗauki cokali ba tukuna, sai na ji Babanku ya ce, cikin fushi, in miƙo masa nasa cokalin a hannun hagu. Wai tunda na ba da gida na karɓi gado, bari ya ci abincin gadon da zafinsa. Rabi ya zube a ƙirjinsa. Ya cinye sauran. Yanzu haka barci yake, har da minshari, a gaban Mista Strickland.

Ina jin tsoro, 'yata, ba zan ɓoye miki ba. Jiya da tsakar rana wata mota ta bi ta gaban gidan a hankali sau biyu, mutum biyu a ciki. Purnell ya tafi yanzu da 'yan coci su kwashe saniya da maraƙi da kaji su kai filin bayan coci, da keken ɗinkina, da babban Littafi Mai Tsarki da aka rubuta ranakun haihuwarku a ciki. A gidan Arzula zan riƙa kwana. Ɓauren da rijiyar ba sa ɗaukuwa, na bar su. Ba zan zo Detroit ba sai Babanku ya tashi, bayan nan kuma sai abin da Allah ya nuna. A ɗakin jira na gaba muke zaune muna wannan rubutun, a kan kujerun fata, kuma duk wanda ya turo ƙofar gilashin nan sai gabana ya faɗi. Amma ban tashi ba.

Ki gaishe mini da Hosea, ki ce na gode da maganin gwiwa. Ki gaida Loretta da Alvin da auta Pearlie, ki ce kakansu na nan yana koyon ci da hagu kamar Alvin. Ki gaida gwaggonki Icie, amma ki bi da ita a hankali, zuciyarta ba ta da ƙarfi, Babanku kuma ƙaninta ne. Purnell da Dovie da Fasto suna gaishe ku. Ku sa mu a addu'a ranar Lahadi, ku ambaci sunansa gaba ɗaya, Lemuel Tarver. Ni ce uwarki, Ozella. Mis Corine za ta ba ni alƙalami, alamar da na hana Royce ga ta nan na sa miki.

X

Mis Corine, kar ki liƙe tukuna, saura abu ɗaya, shi ne babba. Vernice, kar ki fara zuwa wurin Icie, kar ki fara da Hosea ma. Ki ɗauki takardar nan ki hau mota ki je unguwar yayanki. Shekara goma sha ɗaya ke nan tun da ya dawo daga soja ya je karɓo mini kayan wanki ya ƙwanƙwasa ƙofar gaban gidan Strickland, Babanku ya je ta baya da hula a hannu ya roƙa a bar shi da rai, muka sa shi a jirgin ƙasa a ranar. Ya rantse ba zai sake kallon uban da ya yi roƙo a ƙofar baya ba, kuma ya cika. Ki ce masa roƙon nan ne ya sa yake numfashi. Ki ce masa yau ubansa ya ci abinci bai jira kowa ba, uwarsa kuma ta ce a'a. In zai zo, ya zo hannu wofi, ba na son ya ɗauko komai a aljihu, ya shigo ta ƙofar gilashi ya hau bene ya tambayi gadon Mista Tarver. Kafin kowa ya ji, Cleon za ki fara faɗa wa.